Kwana Biyar a Tantin Kwalara na Tsallaken Iyaka

Tambayar farko da aka yi mini a bakin ƙofa ita ce, "Daga wane gari kuke?" Ni kuwa na yi ƙarya. Na faɗi sunan ƙauyen kawuna da ke ƙasar Madarumfa, a Jamhuriyar Nijar, alhali daga wani ƙauye muke na ƙaramar hukumar Jibiya, a Jihar Katsina. Yarona na saɓe a kafaɗar ƙanin mijina kamar jiƙaƙƙen tsumma, wuyansa na lilo. Matar da ke riƙe da littafin rajista ta rubuta abin da na ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta nuna mana bokitin wanke hannu. Har yau in aka tambaye ni yaya wurin nan yake, daga wannan ƙaryar nake farawa, domin da ita na auna su.

Watan Satumba ne na 2021, damina ta yi nauyi. Shekarar kwalara ta yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba: hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum dubu 111 da ake zargin sun kamu a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma mafi yawa a nan Arewa ne. Nijar ma ta samu fiye da mutum 5,000, Maraɗi na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Mu kuma a yankinmu ga wata wutar a kan wata. Saboda 'yan bindiga an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da tamu. An taƙaita hawa babur da dare, an hana sayar da fetur a jarka. Likitoci masu neman ƙwarewa kuma suna yajin aiki tun farkon Agusta. Wanda ciwo ya kama da dare a lokacin, sai dai Allah.

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekararsa tara a lokacin. Bayan la'asar ya fara zagayawa. Na yi abin da kowace uwa a unguwarmu take yi, na aika wajen mai kemis. Kada a yi saurin zagin mai kemis, don shi ne ke buɗe maka ƙofa ƙarfe ɗaya na dare, shi ne ke ba ka bashi har kaka, kuma ya san sunan kowane yaro a gidanka. Ya ba da filajil, da kafso ja-da-rawaya, da wata ƙwayar tsayar da gudawa, sannan ya ɗora leda ɗaya ta garin gishiri da sukari a kai kamar gyara. A cikin duk abin da ya bayar, wannan gyaran ne kaɗai maganin gaske, amma ban sani ba sai daga baya. Kafin sha biyun dare bayan gidan ya koma fari tas kamar ruwan wankin shinkafa, da ɗan ƙarni irin na kifi, yana zuba ba ko yunƙuri. Idanunsa suka zurma. Muryarsa ta shige. Ƙafafunsa na ɗaurewa yana so ya yi ihu, sautin ba ya fita.

A tsakar gida aka yi ta muhawara har asuba. Ɗan asibitin ƙauyenmu a rufe yake da dare, ma'aikacin a cikin gari yake kwana, kuma ban ga laifinsa ba, don kowa ransa yake so. Maigida ya ce a jira gari ya waye a nufi Jibiya, in ta kama a wuce Katsina. Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigida da ke zaune tare da mu, ta ce sam, ba za a kai mata jika inda za a ce korona ce a killace shi ba, a hana kowa ganinsa. Daga nan ta ɗauko zancen Kano. Duk tsohon da ke ƙasar nan yana da wannan labari a bakinsa: annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Gwaggo ba ta san sunan maganin ba, ba ta san shekarar ba, abin da ta riƙe shi ne an taɓa yi. Wannan riƙon ne ya taimaka aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ban taɓa iya ce mata ƙarya take yi ba.

Ni ce na ce a tsallaka. Ga wanda bai san yankinmu ba zai ji kamar wata ƙasa mai nisa muka nufa. A wajenmu tsallake gidan kawu ne. Mahaifiyata can aka haife ta. Sarkin Maraɗi ma sarautarsa Sarkin Katsina ce, tun da masu mulkin Katsina na da suka koma can bayan jihadi. Gulbin da ke bi ta Jibiya shi ne ke gangarawa Madarumfa. Matan ƙauyenmu sun daɗe suna kai yara can in zazzaɓin cizon sauro ko tamowa ta kama su, tun da Nijar ta sanar da kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, ga kuma ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin. Ta hanyar gona, asibitin da muka je ya fi mana Jibiya kusa.

To me ya sa na yi ƙarya? Saboda 2018. A kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a watan Yulin shekarar, wadda ta kama fiye da mutum 3,000, hukumomi sun ce mutanen farko da aka gano daga Jibiya suka zo neman magani. Tun daga lokacin ake mana ba'a a gidan biki da wajen makoki, wai mu ne ke kai musu ciwo. Wasa ne na 'yan'uwa, amma a ranar da ɗanka ke mutuwa a hannunka ba ka san inda wasa zai tsaya ba. Na ji tsoron a ce mu koma inda muka fito.

Ana sallame sallar asuba muka hau babura biyu, muka bi ta cikin gero da ya yi kai. Mai babur ya karɓi naira dubu huɗu, saboda tsadar mai. Jandarma ɗaya muka tarar a hanya, ya leƙa fuskar yaron, ya ja da baya ya ce, "Ku tahi, ku tahi, Allah shi ba shi lahiya."

Wurin a bayan ginin asibitin aka kafa shi, tantuna uku a cikin wani fili da aka kewaye da jar raga ta roba wadda tsayinta bai wuce ƙirji ba. Ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya. Sai ka taka wani faranti mai soso jiƙe da ruwan jabel, wanda mu muke ce wa kulorin, wani ya fesa maka ƙasan takalmi, ka wanke hannu, sannan ka wuce. Gadajen ba katifa, leda ce mai kauri a shimfiɗe a kan katako, da rami a tsakiya daidai mazaunai, bokiti a ƙarƙashi, wani bokitin a wajen kai don amai. Da na fara gani raina ya sosu, na ce wannan ai wulaƙanci ne. Kafin azahar na gane wanda ya ƙirƙiro gadon nan ya yi jinyar mai kwalara da hannunsa. Mutumin da ke zawo sau ashirin ba shi da ƙarfin tashi, kuma da bokitin suke gane yawan ruwan da ya fita don su san nawa za su mayar.

A nan ne suka ci jarrabawarsu a wajena. Ba a ce mu yanki kati ba, ba a miƙo mana takarda a ce mu je mu sayo ruwa da allura da safar hannu ba. Wata nas, doguwa, mai zanen kalangu a kumatu, ta kama fatar cikinsa ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar ta tsoho. Ta taɓa wuyan hannunsa ba ta ji bugu ba. Ba ta ce komai ba, ta kira wani, suka shiga neman jijiya. Hannun dama ya ƙi, na hagu ya ƙi, sai a ƙafa aka samu. Ta rataye ledar ƙarin ruwa, su can "sarom" suke cewa, ta buɗe ta gaba ɗaya, ta sa hannu biyu tana matsa ta don ya yi sauri. Na saba ganin ƙarin ruwa na ɗiga ɗis-ɗis yini guda, wannan kuwa gudu yake yi. Na tsorata na ce, "Malama, ba zai yi masa yawa ba?" Ta ce, "Yaya, ɗiyanki randa ce da ta tsiyaye. Ba da cokali ake cika ta ba." Tana aiki tana gaya mini abin da take yi: wannan leda ta farko ce, za mu ba shi kaza cikin rabin awa, sauran a hankali, in ya farfaɗo sai ki fara ba shi na baki.

Wajen hantsi ya buɗe ido ya ce ruwa. Bayan azahar ya yi fitsari, sai na ga nas ɗin ta yi murmushi ta ce alhamdu lillahi, wai alama ce ƙoda ta dawo aiki. Ban taɓa zaton zan yi murnar fitsarin yaro ɗan shekara tara ba. Aka ajiye mini kofi da bokiti mai famfo cike da ruwan gishiri da sukari, aka ce duk zawo ɗaya kofi ɗaya, in ya yi amai in jira minti goma in ci gaba da cokali-cokali. Ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya tak aka ba shi, kuma ta ce wannan taimako ne kawai, ruwan shi ne magani. Ita ce ta gaya mini cewa in an mayar da ruwa a kan lokaci, cikin mutum ɗari da ƙyar a rasa ɗaya, amma mai tsanani in an bar shi, kusan rabi na iya tafiya, wani cikin awoyi. Daga shigarmu har fitarmu ko dala ba a karɓa ba.

Da daddare, yaron ya samu barci, ta zo ta zauna a bakin gadon da littafin rajistan a cinyarta. Ta ce, "Yaya, wane magani kuka ba shi kafin ku zo?" Na ce abin da mai kemis ya ba mu. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Mutanen ƙauyen da kika faɗa ba su cewa kemis. Kuma ga naira nan a bakin zanenki." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ta ce, "Ba mu korar kowa. Rabin tantin nan 'yan'uwanki ne. Amma kin san mi ƙaryar nan take yi? Gobe da safe za a tura masu feshi gidan kawunki su zuba magani a rijiyar da ba ta da komi, taku kuwa da ke da ciwon tana nan ana sha." Ta soke sunan, ta rubuta na gaskiya.

Sannan ta faɗa mini abin da ya fi komai tsaya mini a rai, kuma shi ne babban raunin wannan hidima, ko da yake ba laifinsu ba ne. Mara lafiya yana tsallako iyaka, amma masu bin sawu ba su tsallakawa. In ɗan ƙauyen Nijar ne aka kwantar, washegari ana zuwa gidansa a fesa masai da ƙofar ɗaki, a raba sabulu da ƙwayar tsaftace ruwa, a tambayi wa da wa ke zawo. Mu kuwa motarsu ba ta da izinin shiga ƙauyenmu. Ta ce suna ba da rahoto sama, na sama su sanar da na wancan ɓangaren, amma kafin takarda ta zagaya ta Maraɗi ta Katsina ta dawo ƙauyen da ke tafiyar rabin awa daga inda muke zaune, ciwon ya gama zagaye unguwa. Don haka ta mayar da ni ma'aikaciyarta. Ta ba ƙanin mijina sabulu da ƙwayoyin tsaftace ruwa na Aquatabs ya koma da su, ta sa na haddace awon: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ta ce a gaya wa mutanen gida kada kowa ya wanke kayan yaron da hannu sai an jiƙa su a ruwan jabel ko an tafasa.

Saƙon ya isa a makare. Gwaggo ta riga ta wanke tabarmarsa da wandunansa tun da safe, a bakin rijiya.

A rana ta uku aka kawo ta a amalanken shanu. Ta kwana biyu tana ɓoyewa, tana shan jiƙo da rubutu. Ba ni da ta cewa a kan rubutu, ni ma na sha na kuma ba 'ya'yana, sai dai da ruwan rijiyar nan aka wanke allon. Ko da aka sauke ta ba ta gane mutane sosai. Kuma daga nan ne zan faɗi inda wurin ya gaza, don in an yabi mutum a inda ya yi daidai, ba a rufe masa inda ya yi kuskure.

Tantin mata cike yake, aka sa ta a na gauraye, labule ɗaya na leda tsakaninta da maza, iska na ɗaga shi. Tsohuwar da ta shekara hamsin ba wanda ya ga ƙwaurinta, ga ta a gado mai rami, namiji na zuwa ɗauke bokiti. Duk lokacin da hankalinta ya ɗan dawo, ba ruwa take nema ba, zane take ja. Na cire mayafina na ɗaure a jikin ƙarfen tantin. Abin da zai gyara wannan bai fi yadi goma na atamfa da mace ɗaya mai ɗaukar bokiti ba. Kuma irin wannan ne matan ƙauye ke ji su ce gara su mutu a ɗakinsu. Da dare kuma ma'aikata biyu ne a kan tantuna uku, fitila mai aiki da hasken rana tana mutuwa wajen ƙarfe uku, sai tocilan. Ledar Gwaggo ta ƙare, na yi ta kira kusan minti ashirin kafin a zo, don suna can kan wata mai ciki. Ban ce wannan ne ya kashe ta ba. Nas ɗin ta gaya mini tun da yamma, ba ɓoye-ɓoye, cewa ƙodarta ta daina aiki kuma an zo a makare. Ta cika kafin kiran sallar farko.

Abin da ya biyo baya ya kusa rushe duk yardar da suka gina. Ban gama salati ba sai ga wani saurayi da tankin feshi a baya, takalmin roba har gwiwa, ya fara fesa gawar daga kai zuwa ƙafa kamar mai feshin wake. Bai yi sallama ba, bai yi ta'aziyya ba. Aka kawo farar jakar leda mai zif. Kawuna da ya iso da asuba ya ga haka daga bayan raga, ya daka tsawa, ya ce wallahi ba za a sa Musulma a buhu ba wanka ba. Mutane suka taru. Na ji wani na cewa dama haka suke yi, in mutum ya mutu sai su cire wani abu su rufe. Saura ƙiris a tsallako ragar.

Wadda ta kashe wutar ba likita ba ce. Wata dattijuwa ce mai share tantin, 'yar garin, kowa na ce mata Inna. Ta fito ta durƙusa ta gaida kawu, ta yi masa gaisuwar rashi yadda ya kamata, ta ce, "Malam, a yi haƙuri, yaro ne bai san kan abin ba. A kira liman." Liman ya zo, shugaban asibitin da suke kira majo ya fito, aka tsaya a gindin bedi. Majo ya yi bayani da Hausa: gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ruwan da ke ɗauke da cutar, kuma sau da yawa masu wanka su ne ke kamuwa, su koma su dafa abincin makoki. Liman ya ce addini bai ce a halaka rayayye don matacce ba, amma kuma ba a hana mamaci haƙƙinsa in akwai hanya. Aka samu hanyar. Ni da matar kawu muka sa safar hannu da rigar leda, Inna na nuna mana, muka yi mata wanka da ruwan da aka sa jabel, aka toshe inda ya kamata da auduga, aka sa ta a jakar, aka naɗa likkafani a kai. Aka yi mata salla, aka rufe ta a maƙabartar garin, kusa da dangin mahaifiyata. Duk wannan bai ɗauki awa biyu ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ashe tsarin yana nan, sun san shi, kawai ba a fara da shi ba sai da aka yi hayaniya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Mai jinya ɗaya ake bari ga kowane mara lafiya, kuma abincin da ake bayarwa na marasa lafiya ne, kunu da safe, shinkafa da rana. Mai jinya sai abin da 'yan'uwa suka miƙo, ga shi an kori masu fura da masu awara daga bakin ƙofa, da hujja kuwa. Wanda ba shi da kawu a garin zai sha yunwa. Ruwan jabel ya cinye mini zannuwa biyu, hannuwana suka yi ta saɓa har mako biyu. Takardar sallama da Faransanci aka rubuta, da na kai wa ma'aikacin asibitinmu ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini. Akwai kuma wani mai gadi da ba ya gajiya da cewa, "Ku 'yan Nijeriya kun cika muna wuri." Ranar da zan fita na ce masa kakarsa ma in an bincika daga Katsina ta zo, ya yi dariya ya ce daga Batsari.

Abu guda da ban lura da amfaninsa ba sai da na koma gida shi ne jar ragar nan. Da katanga ce, da jita-jitar ta ci wurin. A ƙauyenmu an riga an baza cewa ana zuƙe jinin mutane, wai ledar da ake ratayewa ta ɗiba ce ba ta ƙari ba. Amma duk wanda ya zo dubiya yana tsayawa a bayan raga ya hango ɗan'uwansa, ya ɗaga murya ya ce ya jiki, a amsa masa. Yana ganin wanda aka shigo da shi a saɓe jiya yau yana zaune yana shan kunu. Ƙanin mijina da ya koma gida bai yi wa kowa wa'azi ba, cewa kawai ya yi, "Na gan shi da idona, har ya ce a kawo masa ƙuli-ƙuli." Gani ya kori ji. A makon nan mutum bakwai daga unguwarmu suka tsallaka, wasu tun zawo na biyu, da ƙafarsu. Duk sun dawo. Kuma na ja kunnen kowa ya faɗi sunan ƙauyenmu na gaskiya.

Don a yi adalci, namu ma sun zo. Mai unguwa ya je Jibiya da kansa ya kai rahoto tunda ba waya, bayan kwana shida ma'aikatan lafiya suka iso da babura, suka zuba kulorin a rijiyoyi uku, suka bi gida-gida. Mutanen kirki ne, ɗaya ma tsohuwar ɗalibata ce ta Islamiyya. Sun yi aiki da abin da aka ba su, abin da aka ba su ne kaɗan, kuma a makare.

Da wani zai tambaye ni yau, zan ce masa ya fara haɗa ruwan gishiri da sukari tun a zawon farko, ya riƙa bayarwa a kan hanya, ya nufi wurin da ya fi kusa da ke da ƙarin ruwa, ko na wace ƙasa ne. In tantin tsallake ne ya fi kusa, ya je da zuciya ɗaya. Ya riƙe tsofaffin zannuwa, da tocila, da abin da zai ci, in mace ce mara lafiyar ya tafi da ƙarin mayafi na labule. Sai dai irin wannan tanti ba ya dawwama, annoba na lafawa ake naɗe shi. Hanyar ma ba kullum take a buɗe ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, a daidai lokacin da mashaƙo ke kashe yara a Kano da Katsina da Yobe, da kuma Matamaye ta jihar Damagaram. Mata ba su daina tsallakawa ba, sai dai ta daji, da kuɗin babur ninki biyu, kuma da yawa sun koma faɗin sunan ƙauyen kawunsu.

Bara na je suna a garin, na biya ta asibitin da ƙwaryar goro. Filin da aka kafa tantunan an shuka kuɓewa a ciki. Nas ɗin an yi mata canjin wurin aiki, Inna kuwa tana nan tana shara, ta gane ni, ta tambayi yaron, na ce yana aji biyu a sakandare. Rijiyar da Gwaggo ta yi wanki a bakinta mun yi karo-karo an ɗaga mata baki da siminti, an yi mata dakali. Murfin ƙarfen ne har yanzu ba a sa ba, gida uku ba su biya nasu ba.